MAKARANTAR AMANA: Abin da Tarihin Auduga a Ƙasar Maska Ke Koya wa Shugabannin Kasuwa

Yau za mu ɗan jingine labaran soyayya gefe guda mu leƙa tarihi, tunda Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya.

A 'yan shekarun nan wani abu ya zama yayi a tsakanin manyan kamfanoni da bankuna, wato tura shugabanninsu bita a kan ɗa'ar kasuwanci da yadda ake yanke shawara bisa gaskiya. Za a kama babban ɗakin taro a wani otal na Abuja ko Legas ko Kaduna, a gayyato masani, a yi kwana biyu ko uku ana lacca ana shan shayi, ranar ƙarshe a miƙa wa kowa takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Ba wanda zai ce aikin banza ne, domin ilmi komai ƙanƙantarsa ya fi jahilci. To amma fa, shin ana iya koya wa mutum ɗan shekara 50 riƙon amana a cikin kwana uku? Kuma kafin zuwan otal da takardar shaida, a ina kakanninmu suke horar da mutanen da za su riƙe dukiyar jama'a?

Amsar tana nan kusa da mu a ƙasar Maska, a cikin tarihin auduga, wadda wasu mutanenmu ke kira kaɗa, ita ce kuwa ta raya Funtuwa da Malumfashi. Duk wanda ya bi wannan tarihi a tsanake zai ga amanar ciniki ta yi zama a wuri biyu. Da farko ta zauna a zauren ubangida, daga baya ta koma hannun ma'aikacin gwamnati mai duba auduga. Sannan aka wayi gari ba ta da masauki, kuma wannan ranar ce ta fi koya mana darasi.

MASKA KAFIN ZUWAN BATURE

Maska tsohon gari ne a kudancin ƙasar Katsina, daf da iyakar Zazzau, kuma tun kafin jihadin 1804 yana da sarautarsa. Ƙasar wannan yanki tana da ƙarfi, daminarta kuma ta fi ta arewacin Katsina tsawo da yawan ruwa, shi ya sa auduga ta karɓe ta. Masana tarihi irin su marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda littafinsa a kan tarihin Katsina ya fito a 1981, sun nuna muhimmancin tsofaffin garuruwan kudu kamar Maska da Gozaki a arzikin ƙasar Katsina. Noman auduga da saƙa da rini su ne suka fitar da sunan wannan yanki.

Mai karatu, ka dubi hannu nawa auduga ke bi kafin ta zama riga. Manomi ya ɗebo ta daga gona, mata su gurje ta su fitar da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa, maɗinki ya haɗa, marini ya tsoma ta a marina da baba, mabugi ya buge ta har ta yi sheƙi, sannan falke ya ɗaure ta ya kama hanya. Kowane hannu a cikin waɗannan ya san hannun da ya miƙo masa, ya san gidansu, ya san ubansa. Idan zare ya riƙa tsinkewa, masaƙi ya san gidan da aka kaɗa shi. Idan shuni ya zuba tun wankin farko, an san marinar da ta yi aikin. Ha'inci ba ya yin nisa kafin ya dawo ƙofar gidan mai shi, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Kada a ɗauka ƙaramin ciniki ne. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shigo Katsina da Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma suna isa har Tambutu da Tarabulus. Mutumin Tambutu bai taɓa ganin marinin da ya rina masa turkuɗi ba, sunan garin da aka yi shi kawai yake saye. Wato suna shi ne jari na farko.

YADDA AKE HORAR DA FALKE

Horon yana farawa ne tun daga makarantar allo. Yaron da zai zama ɗan kasuwa ya karanta Suratul Muɗaffifina, wadda ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu tauye mudu, ya kuma ji labarin mutanen Annabi Shu'aibu da abin da ha'incin awo ya jawo musu. Wanda ya ci gaba zuwa makarantar ilmi zai karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, inda zai koyi hukuncin ɓoye aibin kaya da na riba da na bashi. Zai kuma ji labarin da ya zo a Sahihu Muslim, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya kuwa tsawatar masa. Mai karatu ya riƙe wannan labari, domin za mu sake haɗuwa da jiƙaƙƙen kaya a gaba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a littafinsa Ihya'us Sunna ya ware babi a kan saye da sayarwa, inda ya ja hankali cewa mutum ya san hukuncin ciniki kafin ya zauna a kasuwa. A Sakkwato kuma an yi muƙamin muhtasibi, mai lura da kasuwa da ma'auni.

Wannan shi ne karatun baki. Karatun aiki kuwa a gidan ubangida ake yinsa, kuma shekaru yake ɗauka. Yaro zai fara da sharar zaure da kiwon jakuna da ɗaukar kaya. Daga nan a fara aikensa da ɗan kuɗi kaɗan, a ga ko canji zai dawo daidai. In ya tsallake wannan, a ba shi ɗan kaya ya kai kasuwar ƙauye shi kaɗai. In ya dawo da lissafi mai kyau sau da yawa, a sa shi a ayari tare da manya. Sai bayan an gwada shi da ƙarami an gwada shi da babba sannan ubangida zai yi masa aure, ya ba shi jari, ya sallame shi. Ba takardar shaida, shaidarsa ita ce a ce yaron gidan wane ne. In kuwa ya ci amana, labari zai riga shi isa kowane zango, ba mai ba shi bashi, ba mai ba shi 'ya.

A saman wannan tsani akwai madugu uban tafiya. Fataken goro irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan yi watanni a hanyar Gwanja, ayari guda yana ɗauke da dukiyar ɗaruruwan mutane. Madugu ne zai zaɓi hanya, shi zai ce a sauka ko a tashi, shi zai yi ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Yana da jagaba mai shigewa gaba, da uban dawaki mai tara kuɗin da za a biya, da malamin ayari mai rubutu da addu'a. Abin lura a nan shi ne madugu yana cikin ayarin da kansa, da kayansa da yaransa. In ya yanke muguwar shawara, shi ma da shi za a kwana a dawa. Kuma ba wanda ke ɗaure mutum ya bi shi, in bana ya cuci fatake, baɗi zai tashi ayari ya waiwaya bai ga kowa ba.

Daga irin wannan makaranta Alhaji Alhassan Ɗantata ya fito. An haife shi a Bebeji a 1877 a cikin zuriyar Agalawa, ya yi almajiranci, ya yi fataucin goro, kafin kamfanin Neja ya ɗauke shi wakilin sayen gyaɗa a 1918. Ƙarfinsa ya tsaya ne a kan yaran da yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo, su dawo da kaya da lissafi. Lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, da raƙuma 20 aka kai masa kuɗin azurfa ajiya, kuma ya rasu a 1955 ana lissafa shi a sahun farko na attajiran Afirka ta Yamma. Haka nan wani masani, Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda maigida ke saukar da fataken shanu daga Arewa, a sayar wa mahauta shanun bashi, shi ya tsaya a matsayin lamuni, dukiya mai yawa tana yawo ba tare da yarjejeniyar da za a kai kotu ba.

Sai dai kada mu mai da mutanen da waliyyai. An yi ha'inci a zamaninsu, da babu shi da malamai ba su yi ta rubutu a kansa ba. Kuma wani kaso na audugar nan bayi ne suka noma ta a rinji, ba da son ransu ba, wannan tabo ne da ba ya gogewa. Abin da muke cewa shi ne tsarin ya haɗa arzikin mutum da sunansa a igiya ɗaya, in ɗaya ya faɗi sai ya ja ɗayan.

ZUWAN SIKELI DA MALAMIN AUDUGA

A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a birnin Manchesta, domin su sami audugar da ba ta Amurka ba. Idonsu ya faɗa kan Arewacin Nijeriya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma sai manoman Kano suka ba su mamaki suka rungumi gyaɗa, ga kuma masaƙan gida da ke sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature. Saboda haka sai hankalin Turawa ya karkata zuwa arewacin Zazzau da kudancin Katsina da yankin Gusau. A 1912 aka shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen, a shekarun 1920 aka buɗe gonar iri a Daudawa, layin dogo kuma ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Funtuwa ta bunƙasa har kujerar Sarkin Maska ta dawo cikinta, tsohon garin Maska kuwa ya koma gefe.

Wannan sauyi ya taɓa amana a wani wuri da ba a lura ba. Mai saye yanzu yana can Ingila, bai san manomi ba, manomi bai san shi ba. Audugar Bakori da ta Ɗanja da ta Ƙafur duk a inji ɗaya za a zuba su, a matse su a dila ɗaya, ba mai iya cewa wannan ta gonar wane ce. Tunda idon maƙwabci ya daina aiki, sai gwamnati ta kawo nata ido. Aka keɓe kasuwannin auduga na musamman, waɗanda mutanenmu ke kira fuloti, aka hana sayen audugar fitarwa a wajensu. Aka sa malaman auduga, su zazzage buhu su duba, mai ganye da datti a mai da ita a tsince, mai tsabta a ba ta lamba ɗaya, ta ƙasa da ita lamba biyu, kowace da kuɗinta. Ana raba iri daga hannu ɗaya, bayan girbi kuma doka ce a tuge karan auduga a ƙone saboda tsutsa.

Tsarin ya yi aiki ta wani ɓangare, domin audugar Nijeriya ta sami lambar da aka san ta da ita a kasuwar duniya. Amma ka lura da abin da ya canza. A da mutum yana tsabtace kayansa ne don kada sunan gidansu ya ɓaci. Yanzu yana yi ne don kada malamin auduga ya mai da shi. Wanda kuwa tsoron mai duba kaɗai ke hana shi cuta, ranar da mai duba ya kau da kai, ko ya karɓi na goro, shi ke nan. Ga manomi ya kwana biyu a layi da jakinsa, ga masu sikeli da akawu kowa da abin da yake jira. Daga nan 'yan baranda suka sami ƙofa, su bi manomi har gida da kuɗi a hannu, su saya a ƙasa da farashin fuloti, su kai da kansu tunda su sun san hannun da ake shafawa.

Su ma shugabannin sama ba su nuna kyakkyawan misali ba. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga, a 1954 aikinta ya koma ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukuma ita ke yanka farashi kafin kaka, ta saya ta hannun wakilai masu lasin, ta sayar a waje. An ce manufar ita ce a kare manomi daga hawa da saukar farashin duniya, amma shekaru da dama abin da ake biyansa bai kai na duniya ba, rarar kuwa gwamnati ke juya ta. Gaskiya ne an yi ayyuka da ita, kuma a wannan zamani ne masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya. Sai dai manomin da ya ga na sama yana rage masa, da wuya ka gamsar da shi cewa yayyafa wa auduga ruwa zunubi ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

ABIN DA AKA GANI A MARMARA

Duk da haka tsohuwar makarantar ba ta mutu ba, ta dai koma ƙarƙashin sabuwar. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. A 1977 kuma aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya, hedikwatarta a Funtuwa. A daidai wannan lokaci wani masani mai suna Paul Clough ya zauna a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi, daga 1977 zuwa 1979, ya sake dawowa a shekarun baya, kuma littafinsa a kan ɗabi'a da tara dukiya a karkarar Hausa ya fito a 2014.

Abin da ya gani shi ne jari yana sauka daga hannun attajirin birni zuwa ɗan kasuwar ƙauye, daga shi zuwa yaransa, duk a kan yarda. Ya kuma ga ɗan kasuwar ƙauye ba ya iya tara kuɗi ya rufe ido, domin akwai hidima a wuyansa, ta iyali da dangi da yaran gida da maƙwabcin da hatsinsa ya ƙare da damina. Wanda ya yi watsi da hidima zai rasa mutane, wanda ya rasa mutane kuwa ba shi da wanda zai aika kasuwa da kuɗinsa ya yi barci. Wato a wurinsu kyautatawa tana cikin lissafin kasuwancin kansa. Wannan magana ce da ake biyan kuɗi masu yawa a ji ta a ɗakin taro yau, alhali a Marmara yaro yana tashi ne ya tarar da ita.

RANAR DA AKA ƊAUKE MAI DUBA

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga. Kowa ya saya, kowa ya sayar. Da farko manoma da yawa sun yi murna, domin masu saye sun yawaita, kuɗi kuma a hannu. Sai dai kash, an rushe gini ne ba a tanadi inda za a ajiye kayan cikinsa ba. Raba lamba ya yi rauni, raba iri mai kyau ya rikice, iri ya cakuɗe da iri.

A nan ne shawarar shugabannin kasuwa ta yi tasiri. Injinan gurza sun yawaita, kowane yana neman abin da zai ci, ga auduga ba ta isa. Mai inji yana da zaɓi biyu: ya mai da jiƙaƙƙiyar auduga ya bar abokin hamayyarsa ya saye ta, ko ya karɓi duk abin da aka kawo a farashi ɗaya. Da yawa suka zaɓi na biyu. To ranar da mai tsabtataccen kaya da mai jiƙaƙƙe suka karɓi kuɗi ɗaya a kan kilo, ai an gama koya wa kowa darasi. Aka shiga yayyafa ruwa, aka shiga zuba yashi da tsakuwa don nauyi. Mai saye da ya san da haka sai shi ma ya rage a sikeli don ya fanshe, manomi da ya san ana rage masa sai ya ƙara ruwa. Kowa yana ganin ramuwa yake yi.

Sai kuma matsalar buhun leda, irin na taki, wanda ya maye gurbin buhun algarara da na yadi. Zarensa yana tsinkewa ya shiga cikin auduga, inji ba ya iya raba su, kuma ba ya kama rini. Sai an saƙa yadi an rina sannan a ga fararen layuka sun fito, yadin ya tashi daga na farko ya koma na banza. Masu saye a waje ba su san gonar da ta jawo ba, sunan ƙasar kawai suka sani, saboda haka suka riƙa karya farashin audugar Nijeriya gaba ɗayanta. Wake ɗaya ya ɓata gari, mai gaskiya ya biya bashin da bai ci ba.

Bashi ma ya bi sahu. Kamfani ya ba manomi iri da taki da magani a kan zai kawo masa amfanin, kaka ta yi wani ya zo da ƙarin naira kaɗan ya kwashe. Shekara mai zuwa kamfanin ya ƙi bayarwa, mai cika alkawari da mai saɓawa duk su rasa. Ko shirin bashin manoma da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, wanda daga baya ya haɗa da manoman auduga, rashin biyan bashi yana cikin manyan abubuwan da suka dabaibaye shi.

Adalci ne a faɗa cewa ba ha'inci kaɗai ya durƙusar da harkar ba. Rashin wutar lantarki da tsadar man inji da fasa-ƙwaurin atamfa daga ƙasashen Asiya duk sun yi nasu ɓarin, har masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta tsaya a 2007. Manoman Funtuwa da Malumfashi da dama suka koma masara da waken suya da shinkafa. Amma waɗancan masifu daga waje suka zo, ruwan da aka yayyafa wa auduga kuwa da hannunmu muka ɗebo shi.

TO INA BITA TA SHIGO?

Kada wani ya ce ai don mutanenmu ba su je makarantar kasuwanci ba ne. Kamfanin Enron na Amurka yana da littafin ɗa'a mai shafi 64, shugabansa Jeffrey Skilling kuma a jami'ar Harvard ya karanta kasuwanci, amma kamfanin ya rushe a 2001 saboda lissafin ƙarya, shi kuma ya tafi kurkuku. A nan gida, ranar 14 ga Agusta 2009, Gwamnan Babban Banki Sanusi Lamiɗo Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba naira biliyan 420 don ceto kuɗin masu ajiya. Waɗanda aka sauke ba jahilai ba ne, kuma ba su rasa halartar taro ba. Sun san daidai, abin da suka rasa shi ne abin da zai tsayar da su a kanta ranar da riba ta yi kira.

Tarihin ƙasar Maska yana nuna mana cewa lacca kashi ɗaya ce kawai a cikin horo. Kakanninmu sun haɗa ta da gwaji na shekaru, daga ƙaramar amana zuwa babba, sun kuma haɗa ta da sakamakon da ba ya kuskure, mai kyau ko marar kyau. Shugaban kamfanin da ya dawo daga bita da takardar shaida, amma ya ce wa yaransa su cika masa tirela goma kafin Juma'a ko ta halin ƙaƙa, ya riga ya soke duk abin da aka karanta masa, domin yaro umarni yake bi da abin da ya ga ana saka wa mutane a kansa. In ana ƙara wa mai kawo kaya da yawa girma ba a tambayi yadda ya samo ba, an buɗe makarantar ha'inci ko da an rataye ayoyi a bangon ofis.

Saboda haka duk mai son horar da shugabannin kasuwa a wannan yanki, ya fara daga bakin sikeli. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi na Dandume da Bakori da Funtuwa, da masu injinan gurza, suna da ikon da babu wani masani daga Abuja da yake da shi. Suna iya haɗa kai a kan sikeli da mudun da aka tantance, a biya mai tsabtataccen kaya fiye da mai datti ko da bambancin kaɗan ne, a kuma yarda cewa kayan da wani ya mayar saboda algus ba wanda zai saye su a bayan gida. Suna iya rubuta wanda ya kawo kowane buhu, yadda aibi zai san hanyar komawa gidansu kamar yadda yake yi a zamanin marina. Sarkin kasuwa da limami da mai unguwa su tsaya a bayan hukuncin, ya hau kan babba kafin ƙarami. Sannan kowane alhaji ya tambayi kansa yaro nawa ya rena ya sallama da jari, kuma me suka gani a hannunsa a shekarun da suka yi suna tsaye a bayansa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Auduga tana iya dawowa, ƙasar tana nan, manoma suna nan, sabon iri ma ana samu. Suna ne ke da wuyar dawowa, domin shi sai an yi shekaru ana kai kaya mai kyau a jere kafin mai saye ya daina zazzage buhu. Allah Ya ba shugabanninmu na kasuwa ikon riƙe amana, Ya sa albarka a nomanmu da cinikinmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna.